Tarihi a Rumfar Gwanjo: Labarin Wani Tsohon Keken Ɗinki

Gabatarwa

Hausawa na cewa allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. Ban san zurfin wannan karin magana ba sai ranar wata Asabar da na shiga ɓangaren masu tsofaffin kaya a wata kasuwa cikin birnin Kano, ina neman kujerar katako mai sauƙin kuɗi. Ban samu kujerar ba. Abin da na samu shi ne wani kan keken ɗinki baƙi wuluk, an jingine shi a kusurwar rumfa tsakanin matacciyar fanka da wani dutsen guga na gawayi. Ƙura ta rufe shi, amma da na sa yatsa na share sai ga zanen ruwan zinare ya fito, da sunan Singer, da hoton nan na dodon Masar mai jikin zaki da kan mutum.

Mai rumfar dattijo ne. Da ya ga na tsuguna ina jujjuya abin sai ya ce, "Malam, in kana so ka taya. Gobe 'yan gwangwan za su zo, a kilo zan ba su."

Na ce, "Baba, yana aiki kuwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan ai ba ya mutuwa. Masu shi ne ke mutuwa su bar shi."

Na taya, ya sallama. Ya haɗa mini da wani ɗan akwatin katako da aka kawo su tare, sannan ya jawo wani tsumma daga ƙarƙashin benci ya naɗe kan keken don kada mai ya ɓata mini riga. Sai da na isa gida na gane cewa abu biyu na sayo, keken da tsumman, kuma kowanne yana ɗauke da tarihi. Bambancinsu shi ne, an rubuta tarihin ɗaya, ɗayan kuwa an bar shi a bakin mutane har masu bakin suka ƙare. A kan wannan nake so mu ɗan tattauna da mai karatu.

Shekarar 1851: Kano da Amurka

Bari mu fara da wata shekara da ta haɗa labaran biyu. A watan Fabrairu na 1851 ne Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a birnin shi ne sana'ar tufafi. Ya rubuta cewa ana kai saƙar Kano da rininta har Murzuk da Ghat da Tarabulus a arewa, da Tambutu a yamma, ya kuma ƙiyasta cewa abin da Kano ke samu daga wannan fatauci ya kai wuri miliyan 300 a shekara. Duk wannan tarin tufafi da hannu aka ɗinka shi, ɗinki ɗaya bayan ɗaya.

Allurar da ake wannan aiki da ita kuwa tana da nata labarin. Cikin kayan Turai da Barth ya gani a kasuwar Kano akwai allurai daga birnin Nuremberg na Jamus, waɗanda suka ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. Shi kansa Barth ya riƙa sayen abinci da allura a wasu wurare, har mutanen Bagarmi suka yi masa laƙabi da sarkin allura. Harshenmu ma ya adana wannan tarihi, domin kuwa kalmomin allura da almakashi da alharini duk daga Larabci muka aro su, alamar hanyar da suka biyo. Kalmar tela kuwa daga Ingilishi ta zo, kuma ta zo ne a makare, tare da keke. Kafin ta, maɗinki muke da shi.

To a cikin wannan shekara ta 1851, ranar 12 ga watan Agusta, watanni kaɗan bayan Barth ya bar Kano, hukumar Amurka ta ba wani mutum mai suna Isaac Merritt Singer takardar mallakar fasaha a kan keken ɗinkin da ya ƙera a wani shago a birnin Boston. Babu maɗinki ko ɗaya a Kano ko Zariya ko Bida da ya ji labarin, amma takardar nan ita ce ta canza sana'ar jikokinsu.

Wa Ya Ƙirƙiro Keken Ɗinki?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka Singer ne ya ƙirƙiro keken ɗinki. Ba haka ba ne. Tun a 1790 wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Saint ya yi rajistar zanen wata na'urar ɗinkin fata. A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keken katako mai aiki, har ya buɗe shago a Faris da kekuna 80 yana ɗinka kayan soja. Shekara ɗaya bayan haka telolin birnin suka yi gangami suka afka wa shagon suka farfasa kekunan, saboda tsoron kada abincinsu ya ƙare. Thimonnier ya mutu a 1857 cikin talauci. A Amurka kuma, Walter Hunt ya ƙera nasa a farkon shekarun 1830, amma bai yi masa rajista ba.

Wanda ya yi rajistar dabarar da ake amfani da ita har yau shi ne Elias Howe, a 1846. Dabarar tana da sauƙin faɗi. Allurar hannu kafarta a gindi take, ita kuwa allurar keke kafarta a baki take, kusa da tsini. Idan ta huda ƙyalle ta sauka da zare, sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a ƙasa, sai wata 'yar ƙoshiya irin ta masaƙa, mai ɗauke da zare na biyu, ta ratsa ta cikin lanƙwasar. Da allura ta koma sama sai zaren biyu su sarƙe a tsakiyar ƙyallen. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya ga yadda ƙoshiya ke kai da komo, ya riga ya san rabin sirrin keken ɗinki.

Abin da Singer ya yi shi ne gyara. Ya tsayar da allurar tana sauka tana tashi a miƙe, ya shimfiɗa tebur a ƙarƙashinta, ya sa ƙafar da ke danne ƙyalle, ta yadda za a iya ɗinka dogon layi ko lanƙwasa ba tare da tsayawa ba. Howe ya kai shi kotu, ya kuma yi nasara a 1854. Da ƙararraki suka yi yawa tsakanin masu ƙera kekuna, kowa na cewa an sace masa dabara, sai a 1856 manyansu suka haɗa takardun mallakarsu wuri guda, suka riƙa karɓar kuɗi daga duk mai son ƙera keke. Wannan haɗaka ta ci gaba har 1877. Howe, wanda ya taɓa rasa kuɗin jirgin komawa gida daga Ingila, ya mutu a 1867 yana attajiri.

Amfanin abin kuwa a fili yake. A lissafin wancan zamani, taguwar namiji guda tana cin sama da awa 14 a hannun mai ɗinkin hannu, amma a keke awa ɗaya da 'yan mintoci ta isa.

Bashi da Karya Tsoho

Matsalar ita ce tsada. A shekarun 1850 keke guda yana kaiwa dala 125, alhali iyali na samun kimanin dala 500 ne a shekara. A nan ne abokin kasuwancin Singer, wani lauya mai suna Edward Clark, ya fito da dabarar da ta ɗaukaka kamfanin. A 1856 ya fara sayar da keke a kan biya kaɗan-kaɗan: ka ajiye dala 5 ka ɗauki keke, ka riƙa biyan saura duk wata. Mace mai ɗinki za ta iya biyan bashin da kuɗin da keken ya samo mata. Kamfanin ya kuma buɗe shaguna masu ƙyalli, ya ɗauki 'yan mata suna nuna yadda ake aiki da keken a gaban jama'a, ya baza dillalai ƙauye-ƙauye, masu sayarwa da karɓar bashi da gyara.

Akwai kuma dabara ta biyu wadda ta shafi batunmu kai tsaye. Clark ya lura cewa babban abokin gabar sabon keke shi ne tsohon keke, tun da abin ba ya lalacewa da wuri. Saboda haka kamfanin ya riƙa karɓar tsofaffin kekuna yana rage wa masu su kuɗin sabo, sannan ya farfasa tsofaffin don kada su shiga kasuwar gwanjo. Ashe tun a wancan lokacin masu masana'anta sun san abin da dattijon nan mai rumfa ya faɗa mini, cewa keken ba ya mutuwa sai an kashe shi.

Abin da Lambar Ta Faɗa

Mu koma ga keken da na sayo. A gindinsa ta hannun dama akwai wata lamba da aka buga a jikin ƙarfen, tana farawa da harafin Y. Kamfanin Singer ya riƙa rubuta lambar kekunansa a rajista, rukuni-rukuni, da irin keken da ranar da aka ware lambobin, kuma wannan rajista tana nan har yau, kowa na iya dubawa. Harafin Y na kekunan da aka ƙera a masana'antar Clydebank ta ƙasar Sikotilan ne, tsakanin 1923 da 1935. Irinsa kuma shi ne wanda ake kira 15K. Harafin K yana nufin Kilbowie, unguwar da masana'antar take. Watau dai, da 'yan haruffa da lambobi na san garin da aka haifi keken nan da zamaninsa, kuma na san ya girmi mahaifina.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan masana'anta, domin akasarin tsofaffin kekunan Singer da ke ƙasashen da Ingila ta mallaka daga can suka fito. Kamfanin ya fara haɗa kekuna a birnin Glasgow a 1867. Da wuri ya yi kaɗan, sai a 1882 aka fara gina sabuwar masana'anta a Kilbowie a kan fili mai eka 46, aka gama a 1885. Ita ce masana'antar keken ɗinki mafi girma a duniya a lokacin. Tana da maƙerarta ta narka ƙarfe, da wurin sarrafa katako, da layin dogo a cikinta, da wata doguwar hasumiya mai ƙaton agogo wanda duk garin ke duba lokaci da shi. A shekarar 1913 kaɗai ta fitar da kekuna sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Daga buɗe ta zuwa 1943 ta ƙera kimanin miliyan 36.

Amma ba a samu wannan yawa a banza ba. A watan Maris na 1911 wasu mata 12 masu goge katakon teburin keke suka ajiye aiki, saboda an ƙara musu aiki an rage musu lada. Cikin kwana biyu kusan dukkan ma'aikatan masana'antar, su wajen 11,000, suka bi bayansu. Yajin ya karye bayan makonni uku, kamfanin ya kori mutum wajen 400. Duk lokacin da na shafa zanen zinaren da ke jikin kekena, nakan tuna cewa wani hannu ne ya manna shi, kuma mai hannun ma talaka ne mai neman abin sa wa a baka, kamar telan da ya zo ya taka keken a nan.

Masana'antar ta kai ƙololuwarta wajen 1960 da ma'aikata kimanin 16,000. Daga nan sai kekunan Japan masu araha suka cika kasuwa, mata a Turai kuma suka koma sayen ɗinkakkun kaya. An rufe ta a watan Yuni na 1980, daga baya aka rushe gine-ginen. Abin da ya rage a garin shi ne tashar jirgin ƙasa da har yau ake kira Singer, da tarin kekuna da takardun kamfanin da hukumar yankin ta adana.

Isowar Keke Ƙasar Hausa

A shekarar da matan nan suka yi yaji, 1911, a cikinta layin dogo ya iso Kano. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa irin su Niger Company da John Holt suka kafa kantuna, kuɗi ya shiga hannun manoma da dillalai. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa da ƙirgi shi ke dawowa da akoko da alawayyo da atamfar Manchester da kwanuka da fitilu. Kaya mai nauyi irin keken ɗinki, wanda ɗaukarsa a raƙumi ko a kan ɗan dako wahala ce, yanzu ya samu hanya.

Keke bai kashe ɗinkin hannu nan take ba, raba aiki suka yi. Yadin kanti mai faɗi ya dace da keke, don haka taguwa da wando da kaftani da kayan makaranta da na 'yan doka suka koma hannun tela. Saƙar gida kuwa, mai fitowa ƙwarya-ƙwarya siririya, da surfanin babbar riga, suka daɗe a hannun maɗinka. A hankali unguwanni irin su Fagge suka yi suna da teloli, rumfunan kasuwa suka cika da ƙarar feda, aka kuma samu masu yawo da keken hannu a kafaɗa suna kaɗa almakashi don a san sun iso. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano, yadi ya ƙara araha, aikin tela ya ƙara yawa.

Wurin da keke ya fi yin tasiri, a ganina, shi ne cikin gida. A da ɗinki sana'ar maza ce, kaɗi kuma na mata. Zaren kanti ya karya kasuwar mazari, tsofaffinmu mata suka rasa sana'ar da suka gada. Keken ɗinki na cikin abubuwan da suka cike wannan gurbi. Matar aure tana zaune a ɗakinta za ta ɗinka rigunan yara da zannuwan gado da labule, yara su kai su karɓo kuɗi. Shi ya sa keke ya shiga jerin kayan ɗakin amarya a gidajen da ke da hali, kuma shi ya sa idan mace ta rasu ake lissafa shi cikin gado. Mahatma Gandhi na Indiya, wanda ya yi ƙaurin suna wajen ƙin injinan Turawa, ya ware keken Singer ya yaba masa a matsayin abu mai amfani. Ina jin da an tambayi iyayenmu mata, da ba su yi masa musu ba.

Daga Singer Zuwa Malam-Buɗe-Littafi

Mai karatu zai iya cewa, ai keken da ya sani a ɗakin mahaifiyarsa ba Singer ba ne, Butterfly ne, mai hoton malam-buɗe-littafi. Gaskiya ne, amma a ajiye su gefe da gefe a duba. Baƙin fenti ɗaya, zanen zinare iri ɗaya, wurin ɗaure zare a gefe ɗaya, allura da kwarkwaro ɗaya. Dalili kuwa shi ne, da wa'adin mallakar fasahar samfurin 15 ya ƙare, kowa ya samu damar kwaikwayonsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, masana'antun Japan suka ƙera shi da yawan gaske. Indiya ta yi nata mai suna Usha, Sin kuma ta yi Butterfly a birnin Shanghai. A Sin ɗin ma, a shekarun 1970, keken ɗinki na cikin abubuwa huɗu da ake so ango ya tanada, tare da keken hawa da agogon hannu da rediyo.

Wannan kwaikwayo shi ne ya tsawaita ran tsofaffin kekuna. Keken da na sayo, da na kai shi wajen mai gyara, bai nemi komai daga Sikotilan ba. Ya wanke shi da kananzir, ya ɗiga masa mai, ya sa masa allura da kwarkwaron Butterfly da ya ciro daga aljihun teburinsa, ya juya. Sai ga ɗinki yana fita sumul, ba tsalle ba tattarewa. Ƙarfen da aka zuba shekara wajen casa'in da suka wuce ya karɓi kayan gyaran da aka ƙera bara a wata nahiya dabam. Da tsohuwar zuma ake magani.

Su Suna Tarawa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai shagunan tsofaffin kaya na ƙungiyoyin agaji, inda mutane ke kai abin da ba sa buƙata a sayar a taimaki mabuƙata. Goodwill ta Amurka ta faro a Boston a 1902, Oxfam kuma ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940. Daga rarar irin waɗannan shaguna ne ake ɗaure dilolin gwanjon da ke ƙarewa a kasuwanninmu kamar Ƙofar Wambai. To a can, akwai mutanen da aikinsu ke nan bin waɗannan shaguna suna neman tsofaffin kayan ɗinki: kekuna, da almakasai, da gwangwanayen maɓallai, da gidajen allura, da mayafan da tsofaffi suka harhaɗa da ƙyallaye. Wanda suka fi nema shi ne wani ɗan ƙaramin Singer mai suna Featherweight, wanda aka fito da shi a 1933, mai nauyin kilo biyar kacal. A 1985 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Ingila, kuma su ne suka yi ɗawainiyar yaɗa rajistar lambobin da na yi amfani da ita. Har ila yau akwai ƙungiyoyi irin su Tools for Self Reliance da ke karɓar tsofaffin kekuna su gyara su aiko wa masu koyon sana'a a ƙasashen Afirka.

Mu kuwa a kilo muke sayarwa. Ban ga laifin dattijo mai rumfa ba, haya zai biya. Ban ga laifin ɗan gwangwan ba, abincinsa yake nema. Sai dai duk keken da ya shiga tukunyar narka ƙarfe ya tafi da labarin gidan da ya ciyar.

Ɗan akwatin da aka haɗa mini da shi ma ya ba ni nasa labarin. Na samu safi a ciki, watau ɗan murfin ƙarfen da maɗinki ke sawa a yatsa don tura allura, har ya lotsa saboda aiki. Na samu guntun alli, da basilla, da kwabo mai huji na zamanin Turawa wanda aka yi amfani da shi a matsayin wasali a jikin wani kusa. Safi kayan ɗinkin hannu ne, mai keke bai cika buƙatarsa ba. Wannan ya sa nake zaton mai keken maɗinki ne da ya koma tela, bai kuma yar da tsohuwar sana'arsa ba.

Rigar da Ba Ta da Lamba

Yanzu sai tsumman. Da na warware shi zan yar, sai na ji nauyinsa ya fi na tsumma. Na shimfiɗa shi a tabarma, sai ga gaban tsohuwar babbar riga ce ta saƙi, mai ɗigo-ɗigon nan kamar jikin zabuwa, an yage ta daga kafaɗa zuwa aljihu. Duk da baƙin mai da ya ɓata ta, ana ganin surfanin sarai: asake biyu dogaye suna saukowa a gefen wuya, ga tambari a zagaye, ga ƙananan huji-huji dubbai da aka ɗaure bakinsu da zaren tsamiya, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Mai karatu ya tsaya ya ƙirga hannayen da suka taɓa wannan riga. Manomi ya noma audugar. Mace ta gurje ta, ta shiɓe, ta kaɗa zaren. Marini ya tsoma zaren a baba. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, faɗin kowace bai wuce 'yan yatsu ba. Maɗinki ya haɗa ƙwaryoyin nan da allura har suka zama riga. Wani ya shiga daji ya ɗebo gidan tsutsar tsamiya, aka dafa shi da toka aka kaɗa. Mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajiri mai hannun rubutu, ya zana aska biyu ko aska takwas da alƙalami da tawada. Sannan mai surfani ya zauna a zaure watanni yana bin zanen. A ƙarshe mabugi ya buge ta. A zamanin daular Sakkwato irin wannan riga ce sarki ke ba wanda ya naɗa ko baƙon da ya girmama, kuma ana gadonta kamar yadda ake gadon doki.

Daga cikin mutanen nan duka, ban san sunan ko ɗaya ba, kuma babu rajistar da zan duba. Keken da aka ƙera a wata ƙasa mai nisa ya gaya mini garinsu da shekarunsa cikin minti biyar. Rigar da aka yi a ƙasarmu, wataƙila a unguwar da nake wucewa kullum, ta zama abin goge masa mai.

Ba wai ba a yi komai ba. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana bin masu zane da masu surfani yana tattara zanensu, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Gidajen tarihi na Turai suna ajiye da rigunanmu cikin kulawa, Gidan Makama a Kano ma yana da nasa. A birnin Zariya kuma surfanin hannu bai mutu ba, mata ma sun shigo cikinsa sun riƙe shi. Amma keken surfani, da na kwamfuta da ya biyo bayansa, suna gama aikin wata uku a yini guda, kuma yaran yau da yawa ba za su iya bambance aska biyu da aska takwas ba. Abin da ke cikin gidajen tarihi kaɗan ne. Mafi yawan tarihin yana cikin adakar kakanninmu, kuma daga adaka rumfar gwanjo yake zuwa.

Kammalawa

Ba ina kira ne a daina sayar da tsofaffin kaya ba, ko kowa ya mai da ɗakinsa gidan tarihi. Abin da nake nema ƙarami ne. Wanda duk ke da tsohon keke a gidansu, ya duƙa ya kwafi lambar da ke gindinsa, sannan ya tambayi mai shi ko wanda ya san ta: yaushe aka saya, a wane kanti, nawa, da kuɗin me, su wa aka ɗinka wa kaya da shi? Wanda ke da tsohuwar riga ko hula ko zanen saƙi, ya tambayi sunan aikin da ke jiki, da garin da aka yi shi, da wanda ya yi, da bikin da aka fara sa shi. Ya rubuta a takarda ya ninke ya sa a aljihun rigar ko a akwatin keken. Wannan takarda ita ce lambar da maɗinkanmu ba su buga ba, kuma ba a samunta sai masu amsa suna raye.

Na wanke guntun rigar nan sau uku, man bai fita duka ba. Na sa shi a gilashi na rataye a saman keken. Makon da ya biyo baya na koma wajen dattijon na tambaye shi ko ya san gidan da kayan suka fito. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce wani yaro ne ya kawo su a baro bayan an yi rabon gado, bai tambayi sunansa ba.